Yadda Na Roƙa Aka Rushe Mini Gida

Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na wuni a layi ina roƙon hukuma ta taimaka ta zo ta rushe mini gida. Tun ƙarfe bakwai na isa ofishin, na tarar mutum talatin da wani abu sun riga ni, kowa da takardarsa a leda, kowa na fatan a fara da nasa. Dattijon da ke gabana har ya kusa cin kwalar wani mai tabarau da ya nemi shiga gabansa. Ya ce masa, "Malam, bi layi. Duk nan rushewa muka zo nema, ba wanda ya fi wani gida."

Wajen ƙarfe ɗaya layi ya zo kaina. Akawun ya dubi takardata, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Baba, ginin naka yana nan a tsaye?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zai tsaya."

Ya ce to in hanzarta, domin katafila ɗaya gare su, kuma ba ta jiran wanda bai gama gini ba. Ya rubuta mini Alhamis ƙarfe goma, ya ƙara da cewa in zo da jarkar man dizal, don a ƙa'ida wanda za a rushe wa shi ke kawo mai. Na yi godiya har da rusunawa. Daga nan na wuce gidan mai na shiga wani layin.

Na san mai karatu zai ce mutumin nan ya taɓu. Lafiyata ƙalau, doka kawai nake bi. Bari in warware muku.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara goma sha tara ke nan muna haya a gida mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya. Uwar yarana tana girki a ƙarƙashin matattakalar bene, wurin da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Mai hawa sai ya leƙa tukunyarta, mai saukowa sai ya karkaɗo mata ƙasar takalmi. Ba ta taɓa ce mini in sayo mata gwal ba, ba ta taɓa yi mini gorin kujerun gidan wance ba. Abu ɗaya take so a duniyar nan: kicin nata na kanta, mai ƙofar da za ta rufe. Shekara bakwai da suka wuce aka yanka filaye a bakin gari, Allah ya sa na dace da ɗaya. Mu goma sha biyu ne a jere, duk 'yan haya. Ranar da na kai ta ta gani, ta tsaya cikin ciyawa ta nuna wata kusurwa da ɗan yatsa ta ce, "Nan." Ban tambaye ta nan ɗin me ba.

To, ga yadda masu ilimi suka tsara mana lamarin, Allah ya ƙara musu basira. Ofishin da ya ba ka fili ya ce dole cikin shekara biyu ka nuna ci gaba a kansa, wato gini, in ba haka ba ya karɓe abinsa. Magana mai kyau, don ba a son gari ya cika da kufai. Ofishin da ke ba da izinin gini kuma ya ce duk wanda ya ɗora bulo kan bulo ba izini, za a rushe. Wannan ma magana ce mai kyau. Sai ka je neman izinin, a ce kawo takardar mallaka. Takardar mallaka kuwa ba ta zama takarda sai Mai Girma Mai Jan Biro ya sa mata hannu, shi kaɗai a duk faɗin garin, da hannunsa na dama. Tawa tana teburinsa shekara bakwai. Ban taɓa ganinsa ba, amma masinjansa ya tabbatar mini mutumin kirki ne, kuma fayil ɗina yana nan lafiya, shi ne ma yake tokare ƙofa in iska ta taso.

Ka ga ke nan in ka yi gini ka karya doka, in ba ka yi ba ka karya doka. Na taɓa kai wa wani babban jami'i wannan kuka. Ya saurare ni tsaf, ya ce ai ba saɓani a ciki, domin dokokin ba a ofishi ɗaya suke ba. Na fito ina jinjina wa karatu.

Kada ku ce ba a gini a garin nan, ana yi. Filayen da aka karɓe daga irinmu ake haɗewa a miƙa wa waɗanda ake kira masu zuba jari. Su nasu sa hannun ba ya wuce mako guda, ina jin biron ya fi son takarda mai faɗi. Su tayar da benaye masu gilashi har sama, su sa maigadi da kare, shekara ta zagayo ba ka ga ko shanya ɗaya a baranda ba. Mu kuwa muna tsakiyar gari mutum bakwai a ɗaki, muna bin layin banɗaki da buta a hannu, kowa da filinsa a aljihu.

Wanda ya fitar da mu daga wannan ƙangi shi ne Mai Bulo, wani gajeren mutum da ke buga bulo a bakin hanyar filayen. Shi ya ƙirƙiro abin da muke kira ɗaki mai yawo. Bulo ɗari uku ne, da kwano shida, da taga ɗaya, da wata shuɗiyar ƙofa da ta lotsa a gindi. In aka ce Mai Duba zai zo ganin ci gaba a filinka ranar Talata, ran Litinin za a kwaso kayan a kura, a jera bulon ba siminti, a jingina ƙofar, a ɗora kwanon a danne da duwatsu. Mai Duba ya zo, ka tsaya a bakin ƙofa kamar yanzu ka fito, ya ɗauki hoto ya sa a fayil. Kafin la'asar an kwashe ɗakin an kai filin na gaba. Ofishin filaye ya ga ci gaba, ofishin izini bai ga komai ba, kowa ya kwana lafiya har wata shekara biyun.

Sau uku ɗakin nan yana kwana a filina. Mai Duba kuwa ba yaro ba ne, ya san komai. A zuwansa na ƙarshe ya shafa ƙofar ya ce, "Ƙofar nan akwai albarka. Gida goma sha biyu take rufewa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙirar da ce." Ya ce in ɗan matsa hagu, ina tare masa lotsawar.

Da haka muke lallaɓawa har aka kawo sabon Shugaba, Allah ya ja zamaninsa, mai son aiki da zamani. Ya sayo kwamfutoci, aka yi bikin buɗe su sau biyu, don a na farko ba wuta. Ofisoshi biyun nan da suka shekara talatin ba sa ga maciji, gini ɗaya suke amma ko gaisawa ba sa yi, sai ga shi an haɗa fayilolinsu wuri guda. Mun ji daɗi ƙwarai, muka ce yanzu sa hannu zai yi sauri. Abin da ya yi sauri daban ne. Ofishin izini ya buɗe kwamfuta ya ga hotuna goma sha biyu na gidaje goma sha biyu da ba su da izini, kowane da maigidansa tsaye a ƙofa yana washe baki. Cikin mako guda takardar rushewa ta iso hannun kowannenmu. Wannan ita ce takarda ta farko da na taɓa samu a kan lokaci.

Da farko dariya muka yi. Muka taru a ƙarƙashin rumfar Mai Bulo muna cewa su zo su rushe ciyawa. Sai Hedimasta, wani tsohon malamin makaranta da filinsa ke jikin nawa, ya ce a dakata. Shi mutum ne mai wata mummunar ɗabi'a ta karanta bayan takarda. Ya gyara tabarau ya ce, "Jama'a, ku daina dariya. In 'yan rushewa suka zo, rahoto iri biyu suke rubutawa. Ko su rubuta an rushe, ko su rubuta ba a tarar da gini ba."

Muka ce to sai me?

Ya ce, "In an rubuta an rushe, fili naka ne. An tabbatar ka yi ci gaba, hukuma ce da kanta ta kawar da shi, sai a sake ƙirga maka shekara biyu. In kuwa an rubuta ba a tarar ba, rahoton zai koma ofishin filaye, su ce hoton ƙarya ne, su karɓe. Wanda kuma wata ya ƙare ba a zo masa ba, kwamfuta da kanta za ta sa shi cikin waɗanda ba a tarar ba."

Can wani direba a cikinmu ya ce, "Wato in na fahimta, Hedimasta, wanda aka rushe wa shi ya tsira?"

Hedimasta ya ce, "Ka fahimta sarai."

Gaba ɗaya muka juya muka zuba wa Mai Bulo ido. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "A'a. Kada ma wanda ya fara. Ɗakina zuwa yake yi ya dawo. Abin da katafila ta taka ba ya dawowa." Direban ya ce to a sayo ɓaraguzai mana a zube a filin. Hedimasta ya sake juya takarda ya ce an riga mu: hoto biyu ake so, na kafin da na bayan, kuma dole katafilar ta fito a duka biyun.

Na koma gida. Akwai abin da na sani, kuma na ƙudura ba zan buɗe baki in faɗa ba. Uwar yara sana'ar kitso take yi. Tun shekarar da muka samu filin, duk abin da ta ɗan samu sai ta aika wa Mai Bulo ya buga mata, yau biyar, wani watan goma. Tana zuwa da kanta tun bulon yana ɗanye ta danna masa gindin cokali, don kada ya cakuɗe da na wani. Sun kai ɗari uku da arba'in, suna jibge a bayan rumfarsa an lulluɓe da tampol. Yatsunta sun kumbura da kitson nan, har yanzu in sanyi ya shigo ba ta iya matse wanki. Ta yaya zan dube ta in ce ta ba ni su in kai wa katafila? Wallahi kunya ta hana ni. Na kwana uku ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Ranar Lahadi tana wanki ta tsinci takardar a aljihun rigata. Ta kai wa babbar 'yarmu ta karanta mata, gaba da baya. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina goge wani tsohon keke ta zo ta tsaya a kaina, hannunta duk kumfa.

Ta ce, "Malam, tun yaushe?"

Na ce, "Tun Alhamis."

"Shi ne ka yi shiru?"

Na ce ina neman dabara ne.

Ta ce, "Ka samu?"

Na ci gaba da goge keken.

Ta ce, "To ni dai ban yi karatu ba, amma faɗa mini. Wanne ya fi, mai fili ba bulo, ko mai bulo ba fili?" Ta goge hannu da zani ta ce, "Gobe ka je ka karɓo mana rana. Amma da sharaɗi. Ba irin wancan ɗakin na haya za a jera mini ba. Yadda na ce haka za a yi."

Shi ya sa kuka gan ni a layi ran Litinin. Na ma tambayi akawun ko dole sabon ginin ya yi kama da na hoton da ke fayil. Ya ce, "Baba, katafila ba ta kallon hoto."

Talata da Laraba muka yi aikin, ni da Hedimasta da wani birkila. A kusurwar da ta zaɓa aka yi shi. Birkilan ya so ya jera da sauri ya tafi, ita kuwa ta ɗauko kujera ta zauna a gabansa. Ta sa shi ya kwaɓa laka ya liƙe tsakanin bulo, ta sa ya ja igiya. Da layi na huɗu ya karkace ta ce a sauke.

Ya ce, "Haba Uwa, ginin da jibi za a rushe?"

Ta ce, "Jibi ka ce. Yau dai nawa ne, sauke."

Ya sauke. Ta sa aka bar wurin taga ta gefen hanya, aka ɗora katako biyu a bango don jera kwanuka. Mai Bulo, da kunya ta kama shi, ya ara mana kwanon rufi da ƙofa, da sharaɗin a cire su kafin katafila ta taɓa. Na tsaya daga baya na duba, sai na ga tambarin gindin cokali a jikin kowane bulo, daga ƙasa har sama. Na ce wa Hedimasta ƙura ce ta shiga mini ido. Ya ce shi ma ta shiga masa.

Ranar Alhamis tun da sassafe ta ɗaura kaya: risho, butar shayi, kofuna, tsintsiya, da wani labule mai furanni da ban taɓa sanin tana da shi ba. Muka isa ƙarfe tara. Ta share ƙasan tas, ta yayyafa ruwa, ta rataye labulen, ta jera kofunan a kan katako. Sannan ta ce in fita. Na fita, ta rufe ƙofa.

An ce mana ƙarfe goma. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce. Na yi shekara da shekaru ina aiko wa wannan shafi na jarida rubutu ina zagin lattin ma'aikata, to yau ina neman afuwarsu a bainar jama'a. Ban taɓa yi wa latti addu'a ba sai ranar. Ina zaune a kan jarkar dizal a rana, ina jin motsinta a ciki, ƙarar cokali, ƙarar buta, har da ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa. Lokaci zuwa lokaci labulen ya ɗaga, in ga fuskarta tana kallon hanya, ya sake sauka. Awa huɗu cur hukuma ta ba ta kyauta.

Ƙarfe biyu muka ji gurnanin katafila. Jami'i ɗaya ne da kyamara, sai direba. Jami'in ya duba takarda ya ce, "Ina mai gini?" Kafin in amsa ƙofa ta buɗe, ta fito da faranti da kofi uku. Ta ce, "Sannunku da zuwa. Ku sha shayi tukuna, ba a zuwa gidan mutum a tafi haka." Suka dubi juna. Direban ya kashe inji ya sauko ya karɓa da hannu biyu. Ya sha a tsaye, kansa a ƙasa, ya ce, "Uwa, ki yafe mana, aiki ne." Ta ce, "Na sani, ɗana. Ƙara sukari?"

Da suka gama ta shiga ta kwance labulen ta ninke shi gida huɗu, ta fito da kayanta ɗaya bayan ɗaya. Muka cire ƙofa da kwano. Na zuba musu man da hannuna. Jami'in ya tsayar da ni a gefen ginin don hoton farko, ya ce kada in yi murmushi, ba a son murmushi a irin wannan fayil. Ban sha wahalar bin umarnin ba.

Turi uku katafilar ta yi. Abin da aka shekara bakwai ana tarawa bai kai minti biyu ba. Na ji zafi, jama'a, zafin da ban ji irinsa ba tun rasuwar mahaifina, kuma ban iya duban inda take tsaye ba. Aka ɗauki hoto na biyu. Jami'in ya rubuta an rushe, ya buga hatimi, ya taya ni murna. Ya ce a duk waɗanda ya rushe wa a makon nan mu muka fi ba da haɗin kai, zai sa a rahoto.

A cikinmu goma sha biyu, mu biyar muka samu abin da za a rushe. Sauran bakwai ɗin wata zai ƙare musu jibi. Filayensu a jere suke, kuma tun jiya aka ga wasu masu manyan motoci suna zagaye su da igiyar awo, ina jin iska suka zo sha.

Muka shiga motar komawa gida. Tana zaune ta gefen taga da butar shayi a cinya, labulen a ƙarƙashin hammata. Mun kusa sauka ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Tagar nan ta yi ƙasa. Sai na sunkuya nake ganin hanya. In an tashi yin na gaske, a ɗaga ta da layi ɗaya."

Na ce, "To."

Na ji an ce Mai Girma Mai Jan Biro ya tafi taron ƙara wa juna sani na wata uku kan yadda ake hanzarta sa hannu. Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, kada ya gaggauta saboda mu. Uwar yara dai yau da safe ta aika wa Mai Bulo a buga mata goma.